Kamun tirawut da ƙwaron bogi a bazarar Ingila, daga dam zuwa kogi

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila, ya kuma bi ta bakin wani dam ko kogi a watan Afrilu, da wuya bai ga mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa yana kaɗa doguwar igiya gaba da baya ba. Tirawut yake nema, wani kifin ruwan sanyi, kuma babu tana a ƙugiyarsa. Gashin tsuntsu ne da zare aka naɗa mata har ta yi kama da ƙwaro. Ƙwaron bogin nan ba shi da nauyin da zai jefu, don haka igiyar ce aka yi mai nauyi, ita ake jifa, ita ke kai ƙwaron inda kifi yake.

Bazarar can daga Maris ne zuwa Mayu, lokacin da hunturu ke janye jiki, ruwa na ɗumama a hankali daga kamar digiri 6 zuwa 12 ko sama kaɗan. Jikin kifi zafin ruwa yake bi. In ruwa ya yi sanyi ba ya son wahalar bin abinci, ya fi son abinci ya same shi. Sabon shiga yakan ɗauka launin ƙwaro ne ke hana shi kamu, sai ya cika akwati da iri-iri yana ta canzawa. Ni dai a ganina tambayoyi biyu ne ke raba mai kamu da mai komawa gida hannu rabbana. A dam, a wane zurfi kifin yake yau? A kogi, da ƙarfe nawa zai ci?

Takardu kafin sanda

Takarda biyu ake buƙata, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Ta farko lasisin gwamnati ne na hukumar kula da muhalli, wanda ake saya a shafin GOV.UK. Duk wanda ya kai shekara 13 dole ya mallake shi. 'Yan shekara 13 zuwa 16 kyauta ake ba su, amma sai sun yi rajista. Akwai na kwana 1, na kwana 8, da na wata 12. In aka kama ka ba shi, tara na iya kai wa fam 2,500. Ta biyu izinin mai ruwan ne, wato katin zama ɗan ƙungiya ko tikitin yini. A Ingila kusan kowane gaɓar kogi akwai mai haƙƙin kamun kifi a wurin, ko da hanyar jama'a ta bi ta kusa.

Ƙungiyoyin masu fatsa sukan yi hayar ƙananan madatsun ruwa da wasu sassan kogi, su zuba kifi, su sa masu gadi. Yawanci farkon shekara ake sabunta kati, wasu kuma sai ka shiga layin jira. Wanda yake son gwadawa kafin ya biya kuɗin shekara yana iya yankar tikitin yini a manyan madatsun kamfanonin ruwa, irin su Rutland da Grafham a gabashin tsakiyar Ingila, ko Chew Valley da Blagdon kusa da Bristol.

Da ka karɓi kati, karanta littafin dokokin ƙungiyar tun daga farko har ƙarshe. A nan za ka ga ranar buɗe kowane ruwa, kifi nawa aka yarda ka tafi da shi gida, ƙwaro nawa za ka iya ɗaurawa lokaci guda, da ko an yarda a shiga cikin ruwa. Ranar buɗe kogi ta bambanta da yanki, wani wuri 15 ga Maris, wani sai 1 ga Afrilu. Kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka a wurin ajiye mota.

Kayan aiki

A dam kana buƙatar sanda mai tsawon ƙafa 9 da rabi ko 10, mai lamba 6 ko 7 (lambar na nuna nauyin igiyar da sandar ke jifa), da igiya mai lamba daidai da tata. A kogi sanda ƙafa 8 da rabi ko 9, lamba 4 ko 5. Wanda kuɗinsa ba su kai biyu ba ya sayi ƙafa 9 lamba 6, za ta yi masa aiki a duka wuraren ko da ba ta gamsar sosai ba. In za ka matse kuɗi, matse su a abin naɗe igiya, domin aikinsa ajiya ne kawai. Igiyar kuwa ka sayi mai kyau. Fara da mai yawo a saman ruwa, daga baya ka ƙara wadda ke nutsewa sannu a hankali.

A bakin igiya ake ɗaura siririn zaren roba da kifi ba ya gani. Na dam ya zama mai ɗaukar laba 8, na kogi laba 3 zuwa 5. Sai ƙaramar koma mai mariƙi, wadda ragarta ba ta da ƙulli, domin doka ta hana mai ƙulli saboda tana kankare jikin kifi. Sai almakashi, ƙaramar filaya ta cire ƙugiya, hula, da tabarau. Tabarau ba ado ba ne. Ƙugiya ce ke wucewa kusa da fuskarka da gudu, kuma iska na iya karkato ta. Mai yanke ƙyallin ruwa ya fi, don zai nuna maka ƙasan kogi. Sa tufafi hawa-hawa da rigar ruwan sama, domin iskar Maris a bakin dam tana ratsa ƙashi.

Jifa

Kada ranar farko ta jifa ta zama a bakin ruwa. Je filin ciyawa, ɗaura ɗan ulu a maimakon ƙugiya, ja igiya kamar ƙafa 30 ka miƙe ta gabanka. Riƙe sanda da babban yatsa a sama, bakinta na kusa da ƙasa. Ɗaga ta kana ƙara sauri, ka tsayar da ita cak da ta ɗan wuce saitin kunnenka. Dakata igiya ta miƙe a bayanka. Sannan ka tura gaba, ka sake tsayarwa cak a saitin goshi, ka bar igiyar ta kwanta da kanta. Tsayawar nan biyu su ne jifar, ƙarfin dantse ba ya ƙara komai. In ka ji igiya ta yi ƙara a bayanka, ka yi gaggawar dawowa. In ta daki ƙasa a baya, wuyan hannunka ya lanƙwashe da yawa. Ƙungiyoyi da dama na shirya ranar koyarwa a farkon lokacin kamu, kuma awa ɗaya tare da malami ta fi mako guda kana fama kai kaɗai.

Duba sama kafin ka haɗa sanda. Sandunan yanzu na kabon ne, suna ɗaukar lantarki, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce a nisanci wayoyin wuta da aƙalla mita 30. In an fara tsawa, kwantar da sanda ka bar bakin ruwa.

A dam: nemo zurfin

Yawancin kifin dam zuba shi ake yi daga gonar kifi, kuma mafi yawa mai jan zane a gefe ne, wanda asalinsa yammacin Amurka ta Arewa. A makonnin farko na lokacin kamu yana yawo garke-garke kusa da gaɓa, cikin ruwan da bai wuce ƙafa 6 zuwa 12 ba. Wannan ya sa bazara ta fi kowane lokaci sauƙi ga mai tsayuwa a gaɓa. Kafin ka sa ƙafa a ruwa, jefa kusa tukuna. Mutane da yawa na kutsawa har ƙugu, su kori kifin da ke ƙafa goma daga tudu, sannan su yi ta ƙoƙarin jifa zuwa tsakiyar dam.

Zaɓen wuri da iska ake yinsa. In an yi kwanaki ana ɗan ɗumi, iska na tura ruwan sama da ya ɗumama, tare da abincin da ke cikinsa, zuwa gaɓar da take bugawa. Jifa a can da wahala don iska na fuskarka, amma kifi na kusa. In kuwa iskar gabas ce mai sanyi, nemi lungun da ke da kariya. Mafi daɗin aiki shi ne inda iska ke zuwa daga gefe, ta kafaɗar da ba ka jifa da ita, ta yadda ƙugiya za ta riƙa nisantar jikinka. Nemi wurin da ƙasansa laka ce, domin a lakar abincin bazara yake.

A Maris, kafin ƙwari su motsa, ana fara wa da manyan ƙwarin bogi masu jan ido, baƙi da kore irin su Viva da Montana, ko fari da ruwan ɗorawa irin Cat's Whisker, a kan igiya mai nutsewa sannu. Ga yadda ake nemo zurfi. Jefa, ƙirga biyar a zuci, sannan ka fara ja. Yi haka sau uku ko huɗu, kana karkata jifar dama da hagu. Ba komai? Ƙirga goma. Sannan sha biyar, sannan ashirin, har ka ji ka fara taɓa ciyawar ƙasa. Lambar da kifi ya taɓa a kanta ita ce ta wannan lokacin, ka riƙe ta. In ka zagaye lambobin nan har sau biyu shiru, tashi ka matsa gaba. Kifin garke ne, inda babu shi babu shi.

Ƙarshen ja ma wurin kamu ne. Kifi yakan biyo ƙwaro har gabanka bai yanke shawara ba. Saboda haka in saura kamar ƙafa 12 na igiya, ɗaga sanda a hankali ka tsayar, ka bar ƙwaron yana reto cikin ruwa na daƙiƙa biyar zuwa goma kafin ka fizge don sabuwar jifa.

Daga Afrilu labari ke canzawa. A cikin laka akwai jajayen tsutsotsi na wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo. Da ruwa ya ɗumama sai su rikiɗe, su riƙa tasowa sama sannu-sannu don su fita su tashi. A wannan tasowar kifi ke tsince su, kuma su ne babban abincinsa a dam duk bazara. Ƙwaron bogin da ke kwaikwayonsu ana kiransa Buzzer, siriri ne, ɗan lanƙwasasshe, baƙi ko ruwan zaitun, a ƙugiya lamba 10 zuwa 14. Abokin tafiyarsa shi ne Diawl Bach.

Koma igiya mai yawo a sama. Zaren roba ya kai ƙafa 12 zuwa 15. Ɗaura mafi nauyi a ƙarshe, na biyu a wani ɗan reshe kamar ƙafa 5 sama da shi. Ƙwararru na sa uku a zare mai ƙafa 18, amma sabon shiga da ya yi haka cikin iska zai ƙare yininsa yana warware ƙulli. Jefa ta gefen iska. Bari ƙwarin su nutse. Iska za ta tura igiyar ta yi baka, tana jan ƙwarin a hankali zuwa gefe, kuma wannan motsin kaɗai ya isa. Aikinka shi ne ka riƙa tattara rarar igiya da yatsu don kada ta yi sako-sako, tafiyar hawainiya, har ka ji kamar ba ka yin komai. Abin da ke cikin ruwa ba ya iyo da sauri, to me zai sa naka ya yi gudu? A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, haƙurin barin hannu ya huta ne ba su da shi.

Cin kuwa ba a ɓoye yake ba. Wani lokaci igiya ce za ta miƙe kawai, wani lokaci a fizge ta daga yatsunka. Kada ka mayar da fizga, zare zai tsinke. Ɗaga sanda kawai, ka bar shi ya ja igiya in yana so, kana riƙe da ita da ɗan matsi. In na reshen sama ake ta ci, kifi ya taso, sai ka rage nauyin na ƙarshe ko ka sa mai kumfa da zai riƙe su kusa da sama. In na ƙarshe ake ci, yana ƙasa, ka ƙara lokacin jira.

Inda doka ta yarda a tafi da kifi, na farko da ka kashe zai ba ka labarin sauran. Akwai wani siririn cokali mai tsawo da ake zurawa ta baki zuwa ciki, a juya, a zaro. Zuba abin da ya fito a farin murfi da ɗan ruwa. Za ka ga 'yan baƙaƙen abubuwa masu tsawon ƙwayar shinkafa ko fiye, wasu har suna motsi, da farin gashi a kai. Masu motsin yanzu aka ci su. Duba girmansu da launinsu, ka ɗauko mafi kama a akwatinka.

In ka hau kwalekwale, rigar kariya daga nutsewa dole ce a manyan madatsu, kuma ruwan Afrilu na iya sandarar da gwanin iyo cikin 'yan mintuna.

A kogi: jira lokacin

Kifin kogi wani abu ne daban. Mai ruwan ƙasa ne da ɗigon ja da baƙi, ɗan asalin wurin, a ruwa da yawa ba zuba shi aka yi ba, can aka haife shi. Ya fito daga hunturu a rame bayan zubar da ƙwai, yana da tsoro, kuma kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Don haka daga gangare ake tunkararsa, ta bayansa, a sunkuye, ba tare da inuwarka ta faɗa kan ruwa ba.

Sammako ba shi da amfani a Maris da farkon Afrilu. Isa bakin kogi da misalin ƙarfe 10 da rabi ya wadatar. Ƙwaron farko da ke fitowa da yawa, mai jiki ruwan zaitun da fukafukai masu launin toka a tsaye, yana fitowa ne tsakanin kamar 11 da rabi zuwa 2 da rabi, kuma wata rana rabin awa kawai zai yi ya ɗauke. Ya fi son rana mai lumshi da ɗan yayyafi. Lokacin yakan haɗu da azahar, sai ka tsara sallarka da abincinka da sanin haka. Ka tuna kuma ana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ƙwaro kuwa rana yake bi.

Kafin fitowar, zauna ka kalli ruwa. Juya dutse ɗaya a gefe ka ga abin da ke manne a ƙasansa. Tsuntsaye ma na ba da labari. Akwai wasu ƙananan tsattsewa masu haƙa rami a gaɓar yashi, waɗanda ke yin hunturunsu a yankin Sahel su komo Ingila a Maris. In ka ga sun fara shawagi ƙasa-ƙasa suna taɓa ruwa, ƙwari sun fara fita.

Har zuwa lokacin, a ƙasa kifi ke ci. Ɗaura Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Wiltshire, ya ƙirƙira da gashin jelar tsuntsu da siririyar wayar tagulla, ko Hare's Ear mai ɗan dutsen nauyi a ka, lamba 14 ko 16. Tsaya a ƙasan inda ruwa mai gudu ke shiga gurbi mai zurfi. Jefa gajere zuwa sama, ƙafa 15 zuwa 20, ɗaga sanda, ka riƙa tattara igiya daidai da saurin da ruwa ke dawo da ita. Idonka na kan bakin igiya. Ta tsaya, ta nutse, ko ta karkata, ɗaga nan take. Sau da yawa dutse ne. Wani lokaci dutsen sai ya motsa. Layin da ruwa mai sauri ke gogar mai sanyin gudu, inda kumfa ke jeruwa, nan ne hanyar abinci. Jifa uku ko huɗu, taku biyu gaba.

A kogunan arewa irin su Wharfe da Ure akwai tsohuwar hanya ta ƙwari marasa nauyi masu laushin gashi, Waterhen Bloa da Partridge and Orange, biyu ko uku a zare, ana barinsu su bi ruwa dab da sama. A kogunan alli na kudu kuwa, Test da Itchen, wurare da yawa ba su yarda da komai a bazara ba sai ƙwaro mai yawo a sama da aka jefa ta gangare zuwa sama. Littafin dokoki ne zai raba gardama.

Da ka ga zobe ya buɗe a saman ruwa, ka ga wani a wuri guda, kifi ya fara ci a sama. Cire na ƙasa, ɗaura mai yawo ruwan zaitun lamba 14 ko 16, ko Klinkhamer, a shafa masa ɗan man hana jiƙa. Kada ka yi saurin jifa. Kalli kifi ɗaya har ka gane inda yake kwance da tazarar cinsa. Sannan ka sauke ƙwaron kamar ƙafa 3 sama da shi, zaren kaɗai ya bi ta kansa, igiya mai kauri na baya. Abin da ke ɓata wannan aiki shi ne jan ruwa. Ruwan da ke tsakaninka da kifi ba gudunsa ɗaya ba, sai ya ja igiya, ƙwaro ya riƙa tsaga ruwa yana barin layi a bayansa. Kifi na ganin haka zai daina ci. Maganinsa ka matso kusa, ka jefa da ɗan rara a zare, ka ɗauke yawancin igiya daga kan ruwa. In ya ɗauka, ba shi ɗan lokaci ya juya kansa ƙasa kafin ka ɗaga.

A Afrilu wasu koguna na samun fitowar wani ƙaramin ƙwaro, Grannom, da hantsi. Wajen 25 ga Afrilu baƙin ƙuda mai dogayen ƙafafu a rataye, Hawthorn, ke bayyana a kan shinge, iska na jefa shi ruwa, kuma yana aiki a dam ma. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni babban ƙwaron da ake kira Mayfly ke fita, lokacin da manyan kifaye ke sakin jiki.

Yi hankali da inda kake taka. A farkon bazara 'ya'yan kifi na cikin tsakuwar wuraren da ba su da zurfi, kada ka bi ta kan tsakuwa mai haske da aka share. In ka kamo kifin grayling, mai doguwar ƙaya kamar tuta a baya, sake shi nan da nan, domin daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an rufe kamunsa a koguna. Lokacin haihuwar tumaki ne kuma, duk ƙofar gona da ka buɗe ka rufe ta. Manomi ɗaya da ya fusata na iya raba ƙungiya da kogin da ta shekara tana haya.

Kifi a koma

Wanda za a saka, a yi amfani da ƙugiya marar ƙaya ko a matse ƙayar da filaya. Kada a gajiyar da shi fiye da kima. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, bar shi cikin koma a ruwa, zare ƙugiya, riƙe shi yana fuskantar ruwa har ya fizge da kansa. Kifin kogi na asali kusan ko'ina yanzu sakinsa ake yi. Wanda za a ci, daga dam, a buge shi a ka da ɗan kulki tun kafin a cire ƙugiya, a sa shi a jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Rufe duk wani ciwo da ke hannunka, ka wanke hannu kafin cin abinci, saboda cutar da fitsarin ɓera ke sawa a ruwa.

Kafin ka tafi, cika takardar rahoton kamu ko da ba ka kama komai ba, da ita ƙungiya ke lissafin kifin da za ta zuba. A gida kuma duba koma da takalman ruwa, wanke su, in da hali a jiƙa su minti 15 a ruwan zafi mai digiri 45, a shanya su bushe sarai na aƙalla kwana biyu kafin su shiga wani ruwa. A 2010 aka gano wani baƙon jatan lande mai cinye ƙananan halittun ruwa a Grafham, kuma irinsa na iya rayuwa kwanaki a cikin damshin takalmi. Wanda ya yi dam ranar Asabar yana son kogi ranar Lahadi, gara ya tanadi koma biyu.